TSOHON SHIRIN GASAR IYALI NA TALABIJIN: YA CANCANCI SHIGA KUNDIN TARIHI?



Gabatarwa

Batun da zan yi magana a kai yau ƙarami ne a ido, har ma wani zai ce bai kamata a tara manyan mutane saboda shi ba. Tambayar ita ce: idan wani gidan talabijin ya yi wani shiri shekara 50 da suka wuce, inda iyalai ke zuwa su yi gasar amsa tambayoyi, a yi dariya, a tafa, a watse, shin wannan shiri ya kai matsayin da za a ɓata takarda da tawada a rubuta tarihinsa, a kuma ware masa wuri a ɗakin adana kayan tarihi? Ko kuwa ya kamata a bar shi ya bi iska, kamar hirar dandali?

Na zaɓi wannan batu ne domin hukuncin da ke cikinsa ya shafi kusan duk wanda ke zaune a nan. Ɗalibi zai zaɓi abin da zai yi bincike a kai, ya bar wani. Ma'aikaci kuwa wata rana za a kawo masa jerin tsofaffin fayiloli a ce ɗaki ya cika, ya sa hannu a kan waɗanda za a ƙone. Shi wannan hukunci yana da wani hali da ya bambanta shi da sauran hukunce-hukuncen ofis, wato idan an yi kuskure wajen ajiye abu, gobe ana iya zubar da shi, amma idan an yi kuskure wajen zubarwa, to, shi ke nan, babu ɗaukaka ƙara.

Domin kada maganar ta tsaya a sama, zan ɗauki shiri guda na ƙasar Ingila in aza bayanina a kansa.

Shirin da ake magana a kai

Sunan shirin Ask the Family, wato "a tambayi iyali". Gidan BBC ya fara nuna shi a shekarar 1967, ya ci gaba har 1984, kuma mai gabatar da shi a tsawon waɗannan shekaru 17 shi ne Robert Robinson, wani ɗan jarida da ya rasu a 2011. Tsarinsa mai sauƙi ne. Ana kawo iyali biyu, kowane da mutum huɗu: uba, da uwa, da 'ya'ya biyu. Mai gabatarwa ya yi musu tambayoyi na ilmin yau da kullum, da lissafi, da wasa ƙwaƙwalwa. Wani lokaci a nuna hoton wani abu na cikin gida wanda aka ɗauka kusa ƙwarai har ya sāke kama, a ce a faɗi ko mene ne. Wata tambayar ta kowa ce, wata kuwa sai a ce ta uba da babban ɗa ce kaɗai, ko ta uwa da ƙaramin ɗa. Iyalin da suka yi nasara su wuce zagaye na gaba, har a kai ga karon ƙarshe. An sāke farfaɗo da shirin a 1999 da kuma 2005, amma bai yi ƙarko irin na farko ba.

Iyakar shirin ke nan. Babu sarki a ciki, babu yaƙi, babu wata doka da aka kafa. To, me ya sa za a damu da shi?

Hujjar masu cewa bai cancanta ba

Adalci ne mu fara sauraron masu cewa a bar shi, domin hujjarsu tana da ƙarfi. Na farko, sukan ce wurin ajiya da kuɗi da ma'aikata duk suna da iyaka, kuma duk abin da aka ajiye ya tare wa wani abu wuri. Na biyu, sukan ce irin wannan shiri maimaici ne: wanda ya ga kashi ɗaya ya ga duka, domin fuskoki ne kawai ke sauyawa. Na uku, sukan ce masu shirin da kansu ba su yi shi don gobe ba, sun yi shi ne don cike rabin sa'a na maraice. Na huɗu, kuma wannan ita ce hujjar masu haɗa kundin ilmi, sukan ce ba a rubuta tarihin abu sai in akwai wasu mutane na waje, waɗanda ba su da hannu a cikinsa, da suka yi rubutu mai ma'ana a kai. In babu irin wannan shaida, abin da za a samu shi ne tallar masu shirin da tunanin waɗanda suka kalla suna yara, kuma dukansu biyu ba abin dogaro ba ne su kaɗai.

Ba na watsi da ko ɗaya daga cikin waɗannan hujjoji. Amma kafin mu auna su, ya kamata mu ga abin da ya faru lokacin da aka yi aiki da su ba tare da taka-tsantsan ba.

Yadda aka goge shirye-shirye

A shekarar 1956 kamfanin Ampex na Amurka ya fito da na'urar naɗar hoto da murya a kan wani zare mai faɗin inci 2, wanda ma'aikata ke kira tef. BBC ta fara aiki da irin wannan na'ura a 1958. Tef ɗin yana da tsada, yana da nauyi, yana cin wuri, kuma ana iya goge shi a sāke naɗar wani abu a kai. Don haka gidajen talabijin suka ɗauke shi a matsayin kayan aiki, kamar allon makaranta da ake wankewa a sāke rubutu.

Akwai wasu dalilai da suka ƙara ƙarfafa wannan ɗabi'a. Yarjejeniyar da ke tsakanin gidajen talabijin da ƙungiyar 'yan wasa ta taƙaita yawan maimaita shiri, saboda haka tsohon shiri ba ya da wani amfani na kusa. Sa'an nan hoto mai launi ya shigo, a tasha ta biyu ta BBC a 1967, a ta farko kuma a 1969, sai aka ga shirye-shiryen baƙi da fari sun zama tsohon yayi. Daɗin daɗawa, a lokacin babu kasuwar sayar wa jama'a kaset su kalla a gida, balle a yi tunanin abin zai kawo kuɗi nan gaba. Ta haka aka yi ta gogewa ana zubarwa har zuwa 1978, lokacin da BBC ta naɗa Sue Malden a matsayin jami'a ta farko mai zaɓen abin da za a adana. Ku lura, shekaru 11 na farko na Ask the Family sun faɗa cikin wannan zamani da babu wata ƙa'idar ajiya.

Gogewar ba ta tsaya kan ƙananan shirye-shirye ba. Mafi yawan abin da BBC ta naɗa a ɗakin watsa shirinta daren da ɗan Adam ya sauka a duniyar wata a 1969 ya ɓata. A Amurka ma haka abin yake, kuma shirye-shiryen gasa su suka fi shan wuya: shirin Match Game na farko, wanda tashar NBC ta nuna daga 1962 zuwa 1969 kusan kullum ranar aiki, 'yan ƙalilan ne daga cikin kashe-kashensa suka tsira. Waɗanda suka yi wannan aiki ba mugaye ba ne. Ma'aikata ne masu bin ƙa'ida da tattalin kuɗin hukuma, kuma hujjojin nan huɗu da na lissafa su ne a bakinsu.

Abin da aka tsinta a Jos

A nan ne labarin ya ratso ƙasarmu. A wancan zamani BBC takan kwafe wasu shirye-shiryenta a kan fim mai faɗin milimita 16, ta sayar wa tashoshin ƙasashen waje, tasha ta nuna ta miƙa wa ta gaba. A watan Oktoba na 2013 aka ba da sanarwar cewa wani Bature mai farautar ɓatattun shirye-shirye, Philip Morris, ya tarar da gwangwanayen fim a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos. A cikinsu akwai kashi 9 na wasan kwaikwayon nan Doctor Who, na shekarun 1967 da 1968, waɗanda BBC kanta ta daɗe da rasawa. Wannan tsintuwa ta rage yawan ɓatattun kashe-kashen wasan daga 106 zuwa 97 a lokacin. Abin da masu shi suka zubar a Landan, wani ɗaki a Jos ya riƙe shi shekara da shekaru.

To, amma akwai darasi na biyu a cikin wannan labari, kuma shi ya fi shafar batunmu. Wasan kwaikwayo ya tsira ne domin an sayar da kwafinsa waje. Shirin gasa kuwa galibi ba kwafinsa ake saye ba, tsarinsa ake saye, kowace ƙasa ta yi nata da mutanenta da harshenta. Saboda haka idan gidan da ya yi shirin gasa ya goge shi, da wuya a sami wata Jos da za ta cece shi. Wato shirin da aka fi rainawa shi ne kuma wanda ya fi kusa da ɓata baki ɗaya.

Ma'auni huɗu

Yanzu bari in kawo ma'aunin da nake ganin ya dace a yi aiki da shi, mu gwada shirinmu a kai.

Ma'auni na farko shi ne daɗewa da yawan masu kallo. Abin da jama'a masu yawa suka zauna suka kalla mako-mako na tsawon shekaru ya riga ya zama wani ɓangare na rayuwarsu, ko yana da daraja a idon masana ko ba shi da ita. Ask the Family ya shekara 17 a babbar tashar ƙasa, a zamanin da tashoshin Ingila uku ne kacal, ta huɗu ba ta zo ba sai 1982. Ɗan'uwansa The Generation Game, wanda aka fara a 1971, ya tara masu kallo fiye da miliyan 20 a dare guda a 1979, lokacin da ma'aikatan tashar ITV ke yajin aiki. Jawabin 'yan siyasa nawa ne ya taɓa tara jama'a haka?

Ma'auni na biyu shi ne shaidar mutanen waje. Shaida ba ta tsaya ga yabo ba, zambo ma shaida ne. Shirin barkwanci na Not the Nine O'Clock News, wanda aka yi daga 1979 zuwa 1982, ya kwaikwayi Ask the Family yana yi masa ba'a a kan cewa iyalan da ake kawowa duk iri ɗaya ne, masu ilmin boko da rufin asiri. Ba a yi wa abu ba'a a gaban jama'a sai an tabbata kowa ya san shi, in ba haka ba wa zai yi dariya?

Ma'auni na uku shi ne tasiri, wato ko shirin ya haifi wani abu ko ya sauya wani abu. The Generation Game an ɗauko tsarinsa ne daga wani shiri na ƙasar Holan na 1969. Family Feud na Amurka, wanda aka fara a 1976, ya haifi Family Fortunes a Ingila a 1980, kuma a 2022 aka fara irinsa a Nijeriya. Wani lokaci ma shirin gasa yakan kai ga majalisa: a 1959 Charles Van Doren ya amsa a gaban kwamitin majalisar Amurka cewa ana ba shi amsoshi a ɓoye a shirin Twenty-One, kuma a 1960 aka yi dokar da ta haramta maguɗi a irin waɗannan gasanni. A wannan ma'auni Ask the Family ba shi da nauyi sosai, kuma gaskiya ce a faɗi haka.

Ma'auni na huɗu, wanda a ganina ya fi sauran, shi ne wannan: me shirin ke nunawa wanda ba za a samu a wani wuri ba? A nan ne raina kama ka ga gayya. Ask the Family ya ajiye mana hoton abin da BBC ta ɗauka shi ne iyali na ƙwarai, wato uba da uwa da 'ya'ya biyu, ba ƙari ba ragi, alhali a daidai waɗannan shekaru dokar saki ta 1969 ta fara aiki a 1971, mutuwar aure ta yawaita a Ingila, gidaje masu uwa kaɗai ko uba kaɗai suna ƙaruwa. Tambayoyin kuma sun nuna abin da ake zaton yaro mai shekara 14 ya kamata ya sani. Mai nazarin harshe zai ji yadda talaka da mai hali ke furta magana ba tare da an rubuta musu ba, da yadda ɗa ke yi wa uba magana a gaban baƙi. A The Generation Game, a ƙarshen shiri akan jera kayayyaki su wuce a gaban wanda ya yi nasara, duk abin da ya iya tunawa ya zama nasa. Wannan jeri kuwa lissafi ne na kayan da matan gida ke sha'awa a wancan zamani. A Family Feud, amsoshin da ake nema su ne waɗanda aka samu daga mutum 100 da aka tambaya, wato kowace tambaya ƙaramin bincike ne na abin da ke zuwa a zuciyar jama'a. Takardun gwamnati ba su ajiye irin wannan ba, domin ba a rubuta abin da kowa ya sani.

Tarkon da ke cikin ma'auni

Dole in ja kunnen ɗalibai game da ma'auni na biyu, domin yana da tarko. Idan aka ce ba za a rubuta tarihin abu ba sai an riga an yi rubutu a kansa, to, abin da masana suka raina jiya ba zai taɓa samun shiga ba. An ƙi rubutu a kansa domin an raina shi, sa'an nan a dawo a ce ai ga shi babu rubutu a kansa, ashe dai ba shi da muhimmanci. Wannan zagaye ne kawai ake yi a wuri guda.

Mu da ke nazarin Hausa mun san wannan ciwo. Tatsuniya aba ce ta mata da yara da dare, kuma babu malamin da zai ɗauke ta a matsayin ilmi a wancan lokaci. Amma da aka sa malamai suka rubuta su cikin ajami, Frank Edgar ya tattara ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa cikin juzu'i 3 tsakanin 1911 da 1913, R. S. Rattray kuma ya buga waɗanda Malam Shaihu ya rubuta masa a ƙasar da ake kira Gana yanzu a 1913, sai ga shi yau su ne madogarar mai son sanin yadda Hausar wancan zamani take. Da an jira sai tatsuniya ta yi suna a wurin masana kafin a rubuta ta, da yanzu muna ihu bayan hari.

Adanawa daban, ɗaukakawa daban

Yawancin gardamar da ake yi a kan wannan batu ta samo asali ne daga cakuɗa abubuwa biyu. Akwai adanawa, wato a ajiye abin da shaidarsa. Akwai kuma ɗaukakawa, wato a ba shi babi a littafi ko a koyar da shi a aji. Ɗaukakawa tana bukatar ma'auni mai tsanani, kuma tana iya jira, domin abin da aka ƙi ɗaukakawa bana ana iya ɗaukaka shi baɗi. Adanawa kuwa ba ta jira, don haka ma'auninta ya kamata ya zama mai sassauci.

Duniya ta gane haka a hankali. A ranar 27 ga Oktoba, 1980, hukumar UNESCO ta amince da shawarar kiyaye hotuna masu motsi, kuma a 2005 ta ware wannan rana domin tunawa da kayan tarihi na gani da ji. Faransa ta yi doka a 1992 wadda ta wajabta ajiye shirye-shiryen rediyo da talabijin a taskar ƙasa, kamar yadda ake ajiye littattafai. A Ingila, Cibiyar Fim ta Biritaniya ta fara yekuwar neman ɓatattun shirye-shirye a hannun jama'a a 1993. Abin sha'awa ma, Bob Monkhouse, wanda ya fara gabatar da Family Fortunes, shi kansa ya yi shekaru yana naɗar shirye-shirye a gidansa, kuma bayan rasuwarsa a 2003 aka sami abubuwa a taskarsa waɗanda gidajen talabijin suka rasa.

Ga mai cewa wuri ba ya isa, amsar ita ce ba lalle sai an ajiye komai ba. Ko a zamanin tsadar tef, da an ajiye kashi na farko, da na ƙarshe, da guda biyu ko uku daga kowace shekara, da an amsa hujjar maimaici an kuma tsirar da shaida. Bayan wannan a ajiye takardu: ranar farawa da ranar ƙarewa, sunayen masu gabatarwa da masu shiryawa, ƙa'idojin gasar, jerin tambayoyi, wasiƙun masu kallo, da dalilin dakatar da shirin. Duk wannan fayil ɗaya ne. A kuma tambayi waɗanda suka yi aikin tun suna raye, domin mutum ma tef ne da ke gogewa. A yau da ake juye tsofaffin tef a kwamfuta, kuɗin wurin ajiya ya ragu ƙwarai, amma wata matsala ta taso: tef ɗin yana lalacewa da zafi da laima, na'urorin da ke karanta shi kuma an daina ƙera su.

Kammalawa

Hukuncina a kan Ask the Family shi ne ya cancanci a rubuta tarihinsa. Ya ci ma'aunin daɗewa, ya ci na shaidar waje, ya yi rauni a na tasiri, ya kuma ci na huɗu da rinjaye. Ba na cewa kowane shirin gasa ya kai wannan matsayi. Wanda aka yi mako shida aka daina, babu wanda ya kula, layi biyu a cikin jerin shirye-shiryen tasharsa sun ishe shi. Amma layi biyun nan haƙƙinsa ne, tare da kashi ɗaya a ɗakin ajiya.

Talabijin ya fara a Ibadan a 1959, ya iso Kaduna a 1962, wato mu ma muna da fiye da shekara 60 na shirye-shirye a bayanmu, da gasannin kacici-kacici na makarantu a cikinsu. Roƙona ga ma'aikata shi ne, ranar da aka kawo muku takardar zubar da tsofaffin kaya, ku tambaya ko akwai kwafi a wani wuri kafin ku sa hannu, ku kuma rubuta sunan abin da aka zubar da ranar da aka zubar da shi. Ɗalibai kuwa masu neman abin bincike, ku je tashar da ke garinku ku nemi tsohon ma'aikacin da ke riƙe da makullin sito, ku zauna da shi da alƙalami da takarda.